Ja, Ɗauka ko Gudu: Me Mai Mota a Dinawa Ke Nema a Sabon Aksil?

Motar da aka yi wa lodin albasa a fadamun Wurno tun daga nesa ake gane ta. Gindinta ya zauna, hancinta ya ɗaga, in dare ne fitilunta kan itatuwa suke haskawa maimakon kwalta. Ta fito daga gona ta hanyar da amalanke ya rarake, ta haura gangaren rairayi da ƙyar tana kuka, kafin ta hau titin da zai kai ta Achida ko Sakkwato. Ƙarfe ɗaya ne ke shan mafi yawan wannan wahala: aksil na baya, doguwar gadar nan da ta haɗa tayoyin baya biyu, mai ƙullutu kamar tulu a tsakiya.

Shi ya sa idan kakar albasa da tafarnuwa ta ƙarato, mai mota a Dinawa ko Rabah ko Goronyo yakan shiga lissafi. Ya ci gaba da lallaɓa aksil ɗin da kamfani ya sa, ko ya kwance ya ɗaura wanda ya fi shi? Abokinsa ya sa na babbar mota, ya ce tasa yanzu ba ta jin lodi. Wani ya ce tun da ya canza, motarsa a kwalta sai ka ce iska. Wani kuma ya canza, bayan wata biyu ya koma wurin 'yan gwangwan yana cigiyar tsohon nasa. Kowannensu gaskiyarsa ya faɗa, domin ba abu ɗaya suka je nema ba.

Abu uku mutum ke so idan ya ce motarsa ta ƙara ƙwazo: ta ja, ta ɗauka, ta yi gudu. A baki kamar abu ɗaya ne, amma a cikin ƙarfe, ukun nan kishiyoyin juna ne. Bakanike mai amana, kafin ya ɗauki sifana, tambaya zai fara yi: "Alhaji, mi kaka so ta yi maka?" Wanda bai yi wannan tambaya ba, ya ce kawai a kawo kuɗin aksil, ni dai ba zan bar masa motata ta kwana ba.

Ƙasar nan kuwa ba ta yi wa mota da sauƙi. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, mai iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ta taimaka wajen mayar da rani lokacin aiki a wannan kwari. Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka rufe shi a 1837, yau albasa da tafarnuwa da shinkafa ne ke fita daga fadamunta zuwa kasuwanni masu nisa. Amma amfanin gona ba a bakin titi yake tsirowa ba. Tsakanin gona da kwalta akwai baƙar laka da damina, akwai rairayi da rani, akwai kwazazzabai da ruwa ya yanka. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40, lokacin da man giya ke tsinkewa, roba ke laushi. Motar da ta ci wannan jarrabawa kullum ita ce mai ƙwazo a nan, ba wadda malejinta ya fi hawa ba.

Abin da ke cikin tulun

In aka buɗe tulun nan na tsakiya, wanda makanikai ke kira difarenshal, za a ga giya biyu suna cizon juna. Ƙarama tana karɓar juyi daga farfela, babba mai kama da faifai tana miƙa shi ga tayoyi. Duk sirrin yana ga yawan haƙoransu. Idan babbar tana da haƙora 41, ƙaramar tana da 10, sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan 41 ne da 9, lissafin ya zama 4.56. Idan 39 ne da 8, ya kai 4.88. Duk waɗannan ana samun su a aksil ɗin motocin Toyota masu ɗaukar kaya, kuma daga waje kamanninsu ɗaya.

Mai motar da ya tashi daga 4.10 ya koma 4.56 ya ƙara wa tayoyinsa ƙarfin ja da kusan kashi 11 cikin 100. Zai ji bambancin a gangaren rairayi, zai ji shi lokacin tashi da lodi, kulocinsa kuma zai huta. Amma ba kyauta ya samu ba. A gudun da injinsa ke juyi 3,000 a minti ɗaya a da, yanzu zai riƙa yin kusan 3,330. In ya sauke kaya a Sakkwato ya juyo babu komai, injin na ta ihu, mai na ta tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne a aljihun direba.

Wanda ya bi ɗaya hanyar, ya sa aksil mai ƙaramin lissafi don neman gudu, labarinsa ya fi ban tausayi. A kwalta mai kyau, motar babu kaya, injin zai yi laushi, shan mai zai ragu. Da an ɗora buhuna sai ta zama raguwa. Tashi sai da wasa da kuloci, giya ta biyar ba ta riƙe ta, ƙaramin tudu sai an sauko ta uku. Gudun da ya saya bai ma same shi ba, domin aksil ba ya ƙara wa inji ko doki ɗaya. Rabon ƙarfin da ke akwai kawai yake sakewa. Haka ma wanda ya sa manyan tayoyi don mota ta yi tsayi: ya rage mata ja ba tare da ya taɓa aksil ba, sau da yawa bai ma sani ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mai mota mai ja da ƙafa huɗu yana da ƙarin sharaɗi: lissafin gaba da na baya dole su zama ɗaya. In suka saɓa, duk sanda ya sa giyar taimako gaba da baya za su riƙa jayayya, har sai wani abu ya karye a tsakani.

A nan ya kamata a cire wasu daga cikin zancen. Golf da Sharan da J5, waɗanda suka daɗe suna jigilar mutane a hanyoyinmu, mafi yawansu da tayoyin gaba suke ja. Abin da ke bayansu ƙarfe ne mai riƙe tayoyi kawai, babu giya a cikinsa. Duk wanda ya ce zai canza wa Golf aksil na baya don ta ƙara gudu, kuɗin mai ita yake nema.

Ƙarin falle

Maganar ɗauka ita ce ta fi damuna, domin a nan ne rayuka ke salwanta. Abin da aka fi yi, don ya fi araha, shi ne ƙarin falle a sifirin. A kwance, a cusa falle biyu ko uku, wani lokaci na wata mota dabam, a ɗaure. Mota ta miƙe tsaye, lodin da a da ke zaunar da ita yanzu ko gezau. Mai ita ya yi murna, ya ƙara buhu biyar.

Amma zaman nan da motar ke yi a da magana ce take yi, tana cewa ya isa. Ƙarin falle bai ƙara wa aksil ƙarfi ba, bakin motar kawai ya toshe. Boris ɗin nan dai shi ne, shaf ɗin shi ne, birki shi ne, taya ita ce. Ƙaramar a-kori-kura irin Hilux kusan tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka. In buhu kilo 100 ne, buhu goma ke nan, kuma nauyin direba da yaron mota daga ciki za a cire shi. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci suna da wata 'yar na'ura a ƙarƙashi, mai sanda da ke haɗe da aksil, wadda ke auna yadda bayan mota ya zauna. In ya zauna sosai, sai ta gane akwai kaya, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. Da aka ƙara falle mota ta daina zama, na'urar sai ta ɗauka babu kaya, ta riƙa tauye birkin baya alhali tan biyu ne a sama. Direba ya taka birki a gaban garken shanu, ya ji motar tana ci gaba da tafiya, ya ce aljanu ne ko tsautsayi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, an gyara wuri ɗaya an ɓata wurin da ya fi shi muhimmanci.

Sai kuma inda ake ɗora kayan. Idan tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 3 ne, aka buɗe ƙyauren baya aka jera kilo 300 a nisan mita ɗaya bayan aksil, nauyin da aksil zai ji kilo 400 ne, tayoyin gaba kuma sun rasa kilo 100 na abin da ke danne su a ƙasa. Dalilin da ya sa sitiyari ke yin sakayau ke nan, mota ta riƙa yawo a titi. Masu tsawaita bodi da walda su riƙe wannan lissafi.

Ga wanda da gaske sana'arsa ta fi ƙarfin motarsa, bambancin da ya kamata ya sani shi ne na ƙirar aksil. A ƙananan motoci shaf aiki biyu yake yi: yana juya taya, yana kuma ɗauke da nauyi a kan boris guda. In boris ya fashe ko shaf ya karye ta bakin taya, tayar na iya ficewa da duram ɗinta mota na cikin tafiya. A Canter da manyan motoci, da wasu Land Cruiser, nauyin yana kan bututun aksil ne ta boris biyu, shaf juyi kawai yake yi, in ya karye taya na nan a wurinta. Ana gane irin wannan da ƙullutun da ke fitowa a tsakiyar wili, kewaye da ƙananan notuna. Shi ne canjin da ke ƙara ɗauka da gaske. Sai dai ko shi ba ya tafiya shi kaɗai. Casis ɗin ƙaramar mota bai san an yi canji ba, yakan tsage a bayan kan mota. Taya kuma tana da iyakarta a rubuce a jikinta: lamba 91 kilo 615 ce, lamba 100 kilo 800, lamba 106 kilo 950. Taya biyu masu lamba 106 ba za su wuce kilo 1,900 ba, ko da aksil ɗin tirela aka ɗaura musu, kuma a ciki har da nauyin bayan motar kanta.

Manyanmu da suka yi zamani da Peugeot 504 sun ga misalin yadda ake wannan aiki da hankali. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi ta harhaɗa ta har 2006. Sunan ɗaya ne, amma bayan ba ɗaya ba ne. Mafi yawan salun kowace tayar baya da nata hannun, don laushi da riƙe hanya. Wagon an ba ta aksil guda mai ƙarfi a kan sifirin mai naɗi. Fikof kuma an ba ta aksil guda a kan sifirin mai falle. Ba aksil kawai suka sauya ba, duk bayan motar suka sake wa tsari gwargwadon aikinta. Motar da ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 da wadda ta yi ta jigilar gero zuwa Illela 'yan gida ɗaya ne, amma ba wanda ya nemi ɗaya ta yi aikin ɗaya.

Laka, rairayi da wasan mota

Akwai canji ɗaya da nake ganin ya fi dacewa da fadama, kuma shi ne ba a cika zancensa ba. Difarenshal na yau da kullum an yi shi ne don a kwana tayar waje ta fi ta ciki juyi. Aibinsa shi ne, in taya ɗaya ta faɗa laka tana sulɓi, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ba ta samun ƙarfin da ya wuce na mai sulɓin. Sai ka ga taya ɗaya tana ta feshin taɓo, ɗaya na tsaye, mutane goma na turi. Akwai difarenshal mai hana wannan sulɓi, wanda ke tura ƙarfi ga tayar da ta kama ƙasa, akwai kuma mai makulli da direba ke kullewa in ya shiga wuri mai wuya ya buɗe in ya fito. Dabarar hana sulɓin ta daɗe: tun a shekarun 1930 kamfanin ZF na Jamus ya ƙera irinta don motocin tsere. Wasu Hilux da Land Cruiser da shi suke fitowa daga kamfani, don haka ana dacewa da shi a cikin kayan Beljiyam. Ga mai shiga gona, wannan ya fi ƙarin falle goma amfani. Sharaɗinsa shi ne irin mai faifan kuloci a ciki yana da man giya nasa na musamman, in aka zuba masa na gama-gari sai ya riƙa ƙara a kwana.

Samarin birni masu wasan mota a bukukuwa suna da tasu gajeriyar hanya: a kai wa mai walda ya liƙe ƙananan giyoyin ciki, tayoyin biyu su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, bayan mota ya riƙa zamewa yadda ake so. Ina roƙon kada wannan dabara ta shigo motar haya. A kwalta, da kaya a sama, motar da aka liƙe wa difarenshal ba ta son kwana, tana cin taya, tana murɗa shaf har ya karye. A Amurka, inda tseren mota sana'a ce, masu ƙara wa inji ƙarfi sukan nemi aksil ɗin Ford mai inci tara, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, don yana da juriya kuma ana iya zare tulunsa a sauya lissafin haƙora cikin sauƙi. Amma su injin suka fara ninkawa har ya fi ƙarfin tsohon aksil, kuma a fili killatacce suke gudu. Mu injinmu yana nan yadda yake, ko ma ya gaji, kuma a titinmu akwai 'yan makaranta da jakuna da masu babur.

Ba zan yi kamar ban san dalilin da ya sa direban gabashin Sakkwato ke son gudu ba. Ba duka ne ganganci ba. Wanda ke bin hanyoyin Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni a shekarun nan ya san akwai wuraren da ba a so a daɗe a cikinsu, akwai lokacin da ba a so ya riski mutum a hanya. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, wanda ya ci gomman rayuka, bai fita daga zukatan mutane ba. Direban da ke son motarsa ta fitar da shi da fasinjojinsa daga wuri mai hatsari yana da hujja, kuma ina girmama ta.

Sai dai in aka bi hujjar har ƙarshe, ba ta kai ga aksil ɗin gudu ba. A hanya mai ramuka ba ƙarshen maleji ke fitar da mutum ba. Abin da ke fitar da shi shi ne mota ta zabura daga tsaye, ta juya da sauri, ta sauka daga kwalta ta bi rairayi ba ta kafe ba, kuma fiye da komai kada ta lalace a dajin. Aksil mai ƙaramin lissafi zaburar ce yake ragewa. Aksil ɗin da aka yi wa dashe da walda kuma shi ne ya fi kusa da ajiye mutum a inda ba ya so. Ga kuma lissafin birki da ba ya sauyawa: in gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ninkawa huɗu yake yi. Dokar hanya ta tsayar wa tasi da bas kilomita 80 a awa a irin titunanmu, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun 1 ga Fabrairu 2017.

Ra'ayina a taƙaice: mai shiga fadama da lodi daidai ƙa'ida, in motarsa na gazawa, ya nemi lissafin haƙora mai ja da difarenshal mai hana sulɓi, daga dangin motarsa. Wanda kayansa kullum suka ninka ƙarfin motar, kuɗin dashe da na gyaran da zai biyo baya ya tara su ya doshi Canter, ko ya yi sawu biyu. Mai neman gudu kuwa ya kai kuɗinsa ga taya da birki da shokazoba.

Dalilin da ya sa na ce daga dangin motarsa shi ne, aksil baƙo ba ya zama lafiya sai an biya masa buƙatu da yawa. Faɗinsa ya yi daidai, mazaunin sifirin ya faɗa wurinsa, bakin farfela da tsawonta su dace, kusurwar da farfela ke shiga kada ta karkace, in ba haka ba mota ta riƙa rawa tana cin ƙurosin. Birkinsa ya yi daidai da abin da famfon birkin motar ke iya turawa, wayar birkin hannu ta kai. In ramukan wili suka bambanta, gaba biyar baya shida, safaya biyu za a riƙa yawo da su. Zafin walda kuma yana iya lanƙwasa bututun aksil kaɗan yadda ido ba zai gani ba, sai dai a ga boris na mutuwa duk bayan 'yan makonni.

Mai zuwa saye, ko Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya tafi da bakanikensa da guntun alli. A yi wa bakin farfela alama, a riƙe ɓangare ɗaya, a juya ɗayan sau biyu cif, a ƙirga juyin alamar: shi ne lissafin aksil ɗin, ko me mai shago ya faɗa. A saki duka ɓangarorin a juya ɗaya. In ɗayan ya bi shi gefe ɗaya, mai hana sulɓi ne, in ya juya saɓaninsa, na yau da kullum ne ko kuma faifansa sun cinye. A kwance noton zubar da mai a duba maganaɗisun da ke jikinsa. Laushin gari baƙi ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe kuwa haƙora ne suka fara zuba.

Kafin ma a kai ga saye, a duba man da ke cikin tsohon. Aksil yana da ɗan hancin shaƙar iska a samansa. Idan ya yi zafi aka tsunduma shi cikin ruwan kwazazzabo, yakan zuƙi ruwa ta nan ko ta bakin roba, mai ya koma fari kamar kunu, haƙora da boris su fara ci. Aksil da yawa da aka yanke wa hukuncin rauni, ruwan damina ne ya kashe su. Ɗan tiyo da za a ɗaura wa hancin a ja shi sama, da sabon man giya mai lamba GL-5 bayan kowace damina, ba su kai kuɗin buhun albasa ɗaya a lokacin tsadarta ba.

In kuma duk da haka an yi canjin, kada a sayar wa 'yan gwangwan tsohon nan take. A zuba masa mai, a toshe bakunansa da tsumma, a jingine shi a zaure har sabon ya ga kakar albasa ɗaya da damina ɗaya.